Toshe Kafar Ɓera

Ɓera ƙaramin dabba ne, amma ɓarnarsa babba ce. Yana cin hatsi, yana huda buhu, yana yayyage tufafi da littattafai. Abin da ya fi wannan muni shi ne cuta. Akwai wani irin ɓera wanda ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. An fara gane wannan cuta a shekarar 1969, a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. In fitsarin wannan ɓera ko kashinsa ya taɓa abinci, wanda ya ci yana iya kamuwa.

Waɗansu mutane sukan ɗana tarko, waɗansu sukan ajiye kyanwa. Duk suna da amfani, amma ba su isa ba. In an kashe ɓera ɗaya yau, gobe wani ya shigo ta kafar da na farko ya bi. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka ɓera yake.

Kada ku raina ƙanƙantar rami. Kafar da fensir zai shiga, ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta cikinta, gama in kansa ya wuce, jikinsa zai bi. Saboda haka ku duba gindin bango, da ƙarƙashin ƙyaure, da rariyar da ruwa ke fita, da inda azara ta haɗu da bango. In ba ku gane hanyarsa ba, ku barbaɗa toka a gindin bango da dare. Da safe sawunsa zai nuna muku inda ya fito.

Da me za a toshe? Haƙoran ɓera na gaba ba su daina tsiro muddin ransa, don haka kullum cikin gwaguya yake. Tsumma ko takarda ba su hana shi. Sai a cusa tsakuwa cikin ramin, a shafe da siminti. In babu siminti, a kwaɓa laka da fasassun kwalabe, amma wannan aikin manya ne, kada yaro ya yanke hannu. A buga fallen kwano a ƙasan ƙyaure. A sa wa rariya ragar waya, ruwa ya fita, ɓera ya rasa hanya. Sa'an nan a ɗana tarko domin waɗanda suka rage a ciki.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen damina, gama ruwa ya zaizaye bango, ga kuma hatsi ana shirin kawowa gida. Yaron da ya ga rami ya gaya wa mahaifinsa ya taimaki gidansu ƙwarai. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Wace cuta ce wani irin ɓera ke ɗauke da ita?
2. Don me tarko kaɗai bai isa ba?
3. Ƙaƙa za ku gane hanyar da ɓera ke bi?