Adana Ƙaramin Jirgin Ruwa a Ƙasashen Ƙanƙara

Yana daga cikin abubuwan al'ajabi a halittar Ubangiji cewa ruwa, saɓanin galibin abubuwan da ke tsukewa idan sanyi ya kama su, shi kumbura yake yi idan ya daskare, har girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Kuma wannan ɗabi'a tasa ita ce asalin ɗawainiyar da masu ƙananan jiragen ruwa ke yi kowace shekara a ƙasashe irin su Kanada da Finlanda, da jihar Minnesota ta Amurka mai tafkuna fiye da 11,000, inda hunturu ke daskarar da tafki har mutum ya taka a kansa. Domin ruwa kaɗan da ya maƙale a cikin inji ko bututu, idan ya daskare, ya isa ya tsaga ƙarfe.

Saboda haka, kafin ƙanƙara ta sauka, galibi akan fitar da jirgin tudu, a zare toshiyar ƙasansa, a ɗaga goshinsa domin sauran ruwa ya tsiyaye, a zubar da na cikin inji, sa'an nan a kai batir cikin gida. Mai hali yakan kama hayar wuri a babban sito mai rufi, wani ma har da na'urar ɗumama. Wanda jirginsa ke zama a ruwa yakan sa injin da ke motsa ruwan kewayensa don kada ya daskare. Amma galibin jama'a a harabar gida suke ajiyewa, kan tirela ko gungumen katako, kuma a nan ne mas'alar lulluɓi take tasowa.

Wasu sukan kira masu sana'ar naɗe jirgi da farar leda mai kauri, wadda ake bi da zafin wutar gas har ta ɗame jikinsa sarai. Tana hana ruwa shiga ƙwarai, sai dai aibinta shi ne shekara guda take yi a yanke ta, kuma idan ba a buɗe mata kafofin shan iska ba, laimar da aka kulle a ciki za ta haifar da fumfuna a kujeru da tsatsa a wayoyin lantarki, alhali mai jirgin yana zaton ya tsare dukiyarsa. Wasu kuwa tamfol suke sa wa, wanda ya fi araha kuma ana maimaita shi, da sharaɗin a kafa masa itace a tsakiya kamar tsaikon ɗakin ciyawa, domin dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa; in ba haka ba, sai ta taru ta lotsa shi, ta narke da rana, ta daskare da dare, har nauyinta ya karya abin da ke ƙasa. Ɓeraye ma, da ke neman mafaka daga sanyi, ba sa raina soson kujera, shi ya sa ake kwashe shi tun da wuri.

A ganina, mai ɗan kwale-kwale marar inji bai da bukatar duk wannan kashe kuɗi: ya kife shi a kan katako biyu, nesa da ƙasa, yadda iska za ta ratsa ta ƙarƙashinsa, wannan ya wadatar.