MILTIMETIR: TIYAR AWON WUTA A MAGARYA DA DUNGAS

Babu magidancin da zai shiga kasuwar Magarya ya biya kuɗin hatsi ba tare da an auna masa da tiya a gaban idonsa ba. Amma shi wannan magidanci ne zai ƙirga jika 50 ko fiye, ya miƙa wa mai shago, ya ɗauki pano na hasken rana da batir ya ɗora bisa amalanke, alhali bai san komi game da su ba in ban da abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikinsu. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma kullum ana yin sa daga Bande zuwa Waca, daga Dungas zuwa Dogo-Dogo.

Dalilin bunƙasar wannan kasuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙauyuka da dama na waɗannan yankuna ba su taɓa ganin turken NIGELEC ba. Mutanen gari kuwa sun ɗauki darasi a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, har da ta layin Katsina zuwa Gazawa wanda jihohin Maradi da Damagaram suka dogara gare shi. Wutar ba ta dawo ba sai bayan an ɗage takunkumi a farkon 2024. Masu cajin salula, masu sayar da ƙanƙara, masu lambu a bakin korama, kowa ya koma ga rana. Kaya suna shigowa daga Kano da Maigatari, masu kyau da marasa kyau a mota guda.

To, wuta ma tana da tiyarta. Sunanta miltimetir, ko da yake yawancin masu gyara mita kawai suke ce masa. Ɗan akwati ne da ba ya wuce tafin hannu, da maballi mai juyawa a tsakiya, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Wani injiniyan gidan waya na Ingila, Donald Macadie, shi ne ya haɗa ma'aunai uku cikin akwati guda don ya gaji da ɗaukar kaya, aka fara sayar da shi a 1923. Yana auna volt, wato ƙarfin da ke tura wuta. Yana auna amper, wato yawan wutar da ke gudana. Yana kuma faɗa ko waya ta tsinke a ciki.

Wanne za a saya?

Wanda ya fi yawa a teburan kasuwa shi ne ɗan ƙaramin nan mai lamba DT830, wanda ƴan jikkuna kaɗan suke sayen sa. Ba zan kushe shi ba. Ga mai shago da ke son duba batir na volt 12 da ƙaramin pano, ya wadatar. Sai dai a san iyakarsa. Ramin da aka rubuta wa 10A a yawancin irinsa ba shi da fuzibil ko kaɗan, wayoyinsa sirara ne, kuma ba ya auna amper na wutar gari. Araha ba ta ado.

Wanda sana'arsa ke nan, yana shiga gidajen mutane yana buɗe akwatin wuta, ya kamata ya ƙara kuɗi. Ya duba kusa da ramukan wayoyi, zai ga an rubuta CAT II, CAT III ko CAT IV. CAT II na kayan da ake sa wa a piriz ne. CAT III na akwatin rarraba wuta ne cikin gini. CAT IV na wajen da wuta ke shigowa daga turke. Mai aikin gidaje kada ya yarda da abin da bai kai CAT III na volt 600 ba. Amma tawada ba ta da tsada, mai yin jabu ma ya iya rubutu. Saboda haka a roƙi mai shago ya kwance bayan na'urar. In an ga fuzibil mai kauri na farar tangaran, alama ce mai kyau, don cike yake da yashi mai kashe tartsatsi. In ɗan siririn gilashi ne guda ɗaya tak, to rubutun waje ya fi abin da ke ciki.

Akwai kuma kalmomin True RMS. Yawancin ƙananan injinan da ke mai da wutar batir ta zama ta gida ba sa ba da wuta mai santsi irin ta NIGELEC. Mita marar wannan rubutu yana iya nuna 190 inda wutar take 220, sai a tsine wa inji marar laifi. Masu girka famfon lambu su ma su kula: pano da yawa da aka jera a layi ɗaya suna tara ɗaruruwan volt, abin da ke iya kashe mutum. Su abin da ya dace da su shi ne mita mai baki kamar na kunama, wanda ake maƙala wa waya ba sai an yanke ta ba, amma a tabbata yana auna amper na wutar batir, don masu araha na wutar gari kaɗai suke aunawa.

Awo a gaban mai shago

Ga inda ɗan kasuwa zai mai da kuɗinsa. A fitar da pano fili da tsakar rana, a fuskantar da shi ga rana. Ƙaramin pano mai gida 36 zai nuna tsakanin volt 19 da 22. Nan ne mutane ke ruɗuwa, su ce ya yi, alhali ko pano mai rauni yana ba da wannan adadi. Gaskiya tana wajen amper. A rufe fuskar pano da bargo, a mai da jar waya ramin 10A, a haɗa, a yaye bargon na ɗan lokaci kaɗan, a karanta. Pano na wat 100 na irin wannan yana ba da kusan amper 6. Na wat 150 yana kusantar 9. Wanda aka rubuta wa 150 ya tsaya a 4 cikin rana tsantsa, takardarsa ƙarya take yi. In lokacin hazo ne, adadin zai ragu ko ga mai kyau, sai a jera biyu a gwada su tare. Manyan pano na yanzu da yawa sun wuce amper 10, kada a yi musu wannan gwaji da ƙaramin mita.

Batir mai ruwa na volt 12 da ya huta awoyi bayan caji ya kamata ya nuna 12,6 ko 12,7. In ya nuna 12,2 rabi ne. Ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Amma tsohon batir da aka wanke aka yi wa caji da safe yana iya nuna lafiya. A ɗora masa kaya, ko fitilar mota ce, a zuba wa lambobin ido. Mai rai zai ɗan sauka ya tsaya. Matacce zai yi ta gangarowa. Wannan lissafi bai shafi batir na lityom ba.

Ina jin wannan ya shafi ma'aikatan gwamnati fiye da yadda suke tsammani. Daraktan lakwal, shugaban asibitin ƙauye mai firigon allurar rigakafi, da wakilin magajin gari, duk suna sa hannu a takardar karɓar kayan hasken rana da ɗan kwangila ya kawo. Minti 10 na awo kafin sa hannu ya fi wasiƙu 10 na koke bayan wata 6.

Kuskuren da ke ƙona hannu

Ni kaina na yi shi. Na gama auna amper na pano, na manta jar waya a ramin 10A, na juya maballi zuwa volt, na tsoma a piriz. Ƙara, tartsatsi, gida ya yi duhu, bakin wayar ya narke. A wannan rami na'urar gajeriyar hanya ce kawai tsakanin wayoyi biyu, kuma juya maballi ba ya canza haka. Na yi sa'a dizonktar ya faɗi. A kan batir kuwa babu abin da zai faɗi: wayar za ta yi ja a hannu, tartsatsi kuma yana iya fasa batir ya watsa ruwansa a fuska. Ba a auna amper ta hanyar taɓa kawunan batir biyu, ko sau ɗaya. Da an gama awo, a mai da jar waya ramin V nan take. In fuzibil ya ƙone a nemi irinsa daidai. Maye shi da zaren waya ko takardar kwalin taba sayar da rai ne.

Sauran kulawa ba ta da wuya. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba, tana shiga ƙarƙashin maballi ta sa lambobi rawa, don haka a ajiye shi cikin jaka. Kada a bar shi a gaban mota ko bisa kwano cikin zafin bazara, gilashinsa yana baƙi. Kowace safiya a sa shi a wajen ƙara, a haɗa bakin wayoyin biyu: in bai yi kuka ba, ɗaya ta tsinke daga ciki, kuma irin wannan waya ce ke nuna babu wuta inda take akwai. Kafin a taɓa wayar da ake zaton matacciya ce, a fara gwada mitan a piriz da aka san yana da wuta.

Sai pil ɗinsa na volt 9. Idan ya yi sanyi, ƙaramin mita ba ya yin shiru, ƙari yake yi: batir mai 12,2 sai ya nuna 13 ko fiye. Da alamar pil ta fito a gilashi a canza shi, in kuma za a ajiye na'urar tsawon damina a cire shi don kada ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Mai zuwa sayen batir a Maigatari ranar Alhamis ya tafi da mitansa da sabon pil a aljihu, kada ya ari na mai shago.