GARA DA DAMINA: YADDA MUTANEN PAIKON KORE KE RAYA SHINGEN KATAKO

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga Gwagwalada ta nufi Dobi, to, lalle zai ratsa ta garin Paikon Kore, kuma in dai mai lura ne zai ga shinge iri biyu a bakin gidaje da garake. Akwai wanda katakonsa ya yi fari fat kamar ƙashi, ya tsattsage, gindinsa ya zagwanye har ya fara jingina da maƙwabcinsa. Akwai kuma wanda ya yi baƙi ko ja-ja, yana tsaye ƙyam. Sau da yawa shekarunsu ɗaya, kafinta ɗaya ne ma ya kafa su. Abin da ya raba su shi ne mai wannan ya shafa wa katakonsa mai, mai wancan kuwa ya ce sai baɗi.

Paikon Kore dai yana cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada ne, a Yankin Babban Birnin Tarayya wanda Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa cikin watan Fabrairu na 1976. Gwari da Fulani da Hausawa da wasu kabilu suna zaune a wurin, yawancinsu manoma ne da makiyaya. A nan ne kuma ake da ɗaya daga cikin makiyayu huɗu da aka keɓe a yankin, mai faɗin kimanin hekta 8,500, sauran ukun su ne na Kawu da Karshi da Rubochi. Har kamfanin Nestlé ya kafa wurin tara madara a can. To, garin da gona da garke ke kwana kusa da juna haka, shinge ba ado ba ne kurum. Ranar da dirka guda ta faɗi da dare, saniya ta shiga garkar rogo ko ta kuɓewa, kashegari maganar tana gaban mai unguwa, wani lokaci ma ta wuce nan.

A da can ba a damu da wannan ba ƙwarai. Mutum ya shiga daji ya saro kirya ko marke, ya yi dirkoki, ya ɗaura zana ko darnin kara, in ya lalace bayan shekara biyu a sake wani. Kirya kuwa itace ne da gara ke jin tsoro, shi ya sa ake sassaƙa turmi da shi. Amma tun da aka komar da hedkwatar ƙasa Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, jama'a suka yi ta tuɗaɗowa, masu gawayi suka bi kirya har ta yi wuyar gani kusa da gari. Madobiya ma haka: 'yan kasuwa suka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu daga farkon 2017. Yanzu mai son shinge sai ya sayi katako, ko a Gwagwalada ko a babbar kasuwar Dei-Dei, kuma wanda aljihun talaka ke iya kaiwa shi ne malaina, watau itacen nan da aka kawo daga ƙasashen Asiya aka dasa a gandayen gwamnati, ko kuwa maje. Dukkansu itatuwa ne marasa tauri, in aka binne su haka nan ba magani, an kai wa gara tuwo har gida.

Abokan gaban katako a wannan ƙasa uku ne. Na farko ruwa, gama damina a nan takan fara tun cikin Afrilu ba ta ɗaukewa sai Oktoba, katako ya sha ya kumbura, ruɓa ta shige shi. Na biyu rana, kowa kuwa ya san zafin Gwagwalada cikin Maris. Ita ce ke cinye fuskar katako ta mai da shi toka-toka, hunturu kuma ya zo ya busar da shi ya tsage, sa'an nan ruwan baɗi ya sami ƙofar shiga. Na uku ita ce gara, wadda ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ta cinye cikin dirka ta bar ɓawo, mai gida yana ganin abinsa lafiya lau har ranar da akuya za ta sosa jikinta da shi ya kife.

Mutane da yawa sun ɗauka fenti ne magani. Fenti da banish suna kwanciya ne a bisa katako kamar fata, suna da kyau a ƙofar ɗaki ko kujera, amma a fili rana takan fasa su, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, sai katakon ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali waje yana ƙyalli. Abin da ya dace da shinge shi ne rini mai mai a ciki, wanda katako ke tsotsewa ya shige jikinsa. Irin wannan ba ya ɓarewa, sai dai ya koɗe a hankali, in ya koɗe kuma a wanke a ƙara wani ba sai an kankare ba. Mai duhun launi ya fi jure rana bisa ga mai haske. A kasuwa akwai na gwangwani, wanda kafintoci suka fi sani kuwa shi ne Solignum, har sunan ya zama kamar na kowane maganin katako. Sai dai mai saye ya karanta jikin gwangwanin, domin wani launi ne kawai, wani kuwa yana da maganin ƙwari a ciki, kuma ba kowane abin da aka ɗura a galan marar suna aka ce Solignum ne yake zama shi ba.

Amma gaskiyar magana, abin da aka fi shafawa a ƙauyukan nan shi ne baƙin mai, watau tsohon man inji da makanikai ke juyewa daga mota da janareta, wani a sirka shi da gas ko kananzir don ya yi ruwa-ruwa. Araha ce ta jawo haka, kuma ba za a ce ba ya aiki sam ba, gama yana korar ruwa, gara ma takan yi nesa da shi na ɗan lokaci. To amma akwai abin dubawa. Man da ya gama zagaya inji yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa da burbushin ƙarafa masu cutarwa, ba ya kuma bushewa sosai: rana ta yi zafi ya tsattsafo, ya ɓata rigar yaro, ruwan sama ya wanke shi ya gangara ƙasa. In shingen yana kusa da rijiya, ko yana kewaye da garkar alayyafo, abin da aka shafa wa katako zai iya komawa cikin tulu. Shanu kuma, musamman maruƙa, suna da lasar abin da suka samu, baƙin mai kuwa guba ne a cikinsu. A garin da mata ke kai madara wurin awo kowace safiya, bai kamata a ga baƙin mai a turken saniya ko a shingen garke ba, ko kusa.

Wannan matsala ba a nan kaɗai take ba. Turawa ma sun daɗe suna fama da ita. Tun 1838 wani Bature a Ingila mai suna John Bethell ya fito da hanyar cusa man kwal cikin katako da ƙarfin inji, da irinsa ne aka riƙa jiƙa katakon layin dogo da turakun waya. Cikin 1933 wani masani a Indiya, Sonti Kamesam, ya haɗa wani magani mai tagulla da arsanik wanda ke mai da katako kore-kore, ya yaɗu ko'ina cikin duniya, amma daga ƙarshen 2003 Amurka ta daina amfani da shi a katakon gidaje da wuraren wasan yara saboda tsoron gubarsa. Wanda ya sami guntayen tsohuwar falwaya ko irin wannan koren katako, kada ya sa su a murhu.

Ga masu niyyar yin aikin, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma a ranar da ƙurar hunturu ba ta yi yawa ba, don takan manne a ɗanyen mai. Sharaɗi na farko katako ya bushe. Malainar da aka tsaga jiya cike take da ruwa, kuma itace ne mai jinkirin bushewa, in aka shafa mata mai a haka ba za ta sha ba. A jera katakon a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a yayyafa ruwa kaɗan, in katakon ya tsotse nan da nan to zai sha mai, in ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a ƙara haƙuri. Tsohon shinge kuma sai a karkaɗe ginin gara, a wanke da buroshi da sabulu, a bar shi kwana biyu ko uku, a bi wuraren da suka yi kaushi da samfefa.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne su ƙawata abin da ido ke gani su manta da wanda ke cikin rami. Dirka daga daidai bakin ƙasa take mutuwa, inda danshi da iska suka haɗu. Saboda haka kafin a kafa ta a ɓare ɓawon, a tsoma gindin cikin rabin duro na magani ya kwana, ya zarce inda ƙasa za ta tsaya da kamar taƙi ɗaya. Tsofaffi sukan babbaka gindin a wuta har ya yi baƙi, wasu kuma su shafa kwalta. A zuba tsakuwa a ƙasan ramin don ruwa ya wuce. Kan dirka a yanke shi a karkace yadda ruwa ba zai kwanta ba, a kuma cika shi da mai, gama ta bakin yanka ne katako ya fi shan ruwa. Allunan kada su taɓa ƙasa, a ɗaga su kamar inci biyu.

Shafawa da safe ko da la'asar ta fi, daga sama zuwa ƙasa, ana bin tsawon katako, allo ɗaya a gama shi kafin a koma na gaba don kada a sami tabo. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri. Mai aikin ya rufe hanci, ya sa safar hannu, a kori yara da kaji, tsummokaran da suka jiƙe da mai kuma kada a dunƙule su a kusurwar ɗaki, gama wasu irin mai sukan yi zafi su kama wuta da kansu. A shanya su a fili ko a tsoma cikin ruwa. Ciyawar gindin shinge a nome ta kafin lokacin ƙunar daji. Bayan shekara biyu ko uku a sake yayyafa ruwa a gani.

Wanda ba shi da kuɗin gwangwani, akwai abin da kakanni suka bari. Makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa da magina ke yayyafa wa daɓe da bango, tana ba katako launi ja mai duhu, ko da yake ba ta kai mai korar ruwa ba, tilas a riƙa maimaitawa. A wajen garke da bakin rijiya kuwa, inda ba a son guba, manoma da yawa sun fi gane wa shinge mai rai: a yanko reshen bini-da-zugu ko dashi ko aduruku a kafa da farkon damina, cikin 'yan makonni ya yi saiwa ya tofo, daga nan sai sassabe kawai yake bukata.