Ɓoye Naƙuda: Kunyar Da Ke Cin Rayuka a Karkarar Kano

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Ɗambatta, har zuwa Makoɗa da Tsanyawa da Minjibir, akwai wani yabo da ake yi wa mace idan ta sauka. Za ka ji ana cewa wance jaruma ce, ko kishiyarta da suke ɗaki kusa da ɗaki ba ta ji motsinta ba, kukan jariri kawai aka ji. Yarinyar da ta tashi tana jin wannan yabo, da shi take zuwa goyon ciki gidan iyayenta. Mara ta fara murɗa mata da la'asar, sai ta ci gaba da tankaɗe ko wanke-wanke, don kada uwarta ta gane. Dare ya yi ta shige ɗaki, ta durƙusa a gefen gado, ta cusa bakin zane tsakanin haƙoranta, gumi na zuba, ba ta kira kowa ba. Gari ya waye tsofaffi su lura da idonta, a kawo rubutu, a kawo jiƙo, a ce a ƙara haƙuri, ai ta fari haka take. Kafin a aika gona a kira maigida, kafin a samo mai mota daga bakin titi, ta kwana ta yini. Sannan a isa asibiti ungozoma ta tambayi yaushe abin ya fara, tsohuwar da ta rako ta ta ce ɗazu-ɗazun nan. Ita kuwa mai naƙudar, wadda ita kaɗai ta san gaskiyar lokacin, kunya ba za ta bar ta ta ƙaryata babba ba.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne da yawa daga cikin waɗannan mata suna da katin awo. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 67 cikin ɗari na masu ciki a Najeriya sun ga ma'aikacin lafiya lokacin goyon ciki, amma kashi 39 ne kawai suka haihu a asibiti, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma, inda Kano take, ko ɗaya cikin biyar ba su kai ba. Wato ana zuwa awo, haihuwa ce ake gudu. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda ake maganar a cikin gida: kati ake nema, saboda idan abu ya ɓaci aka je asibiti babu kati, za a sha faɗa. Sai a bari ciki ya kai wata bakwai, a je sau ɗaya ko biyu, a karɓi kati a jefa cikin kwalla, a dawo a jira ranar durƙuso. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020, mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a faɗin duniya. Katin da ke kwance cikin kwalla bai rage ko mace ɗaya daga wannan adadi ba.

Shi ya sa zaɓen wurin awo bai kamata ya tsaya a kan inda ya fi kusa ko inda layi ya fi gajarta ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, na farko kafin ciki ya wuce wata uku. A wurin awo na ƙwarai za a ɗaura wa mace abin gwajin hawan jini a duk zuwa, a duba fitsari, a duba ƙarfin jini, a ba ta ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a yi mata allurar tetanus, a lalubi kwanciyar yaro. Inda ake taɓa ciki da hannu kawai a rubuta ranar dawowa, an yi rabin aiki. Amma ɓangaren da mata suka fi rainawa shi ne bayanin da ungozoma ke yi da safe kafin a fara kira. Wata ta aiko yaro ya ajiye mata kati a layi, ita sai an gama magana ta iso. Wata tana zaune a benci amma hankalinta na kan hirar anko. A wannan rabin awa ne ake faɗin alamun naƙuda, da alamun hatsari, da lokacin da ya kamata a baro gida. Kuma a nan ne mace ke da damar tambayar abin da ba za ta iya tambayar surukarta ba: shin ana karɓar haihuwa da dare a nan, wa ke kwana, idan abu ya gagara ina ake turawa, kuma me ake yi wa mace idan ciwo ya yi mata yawa.

Mai cewa shiru ba ya cutar da kowa bai san aikin da ciwo ke yi ba. Ungozoma ba ta ganin cikin mahaifa, da abin da mace ta faɗa take fara aiki. Ciwon naƙuda na lafiya yana zuwa ya lafa, ya sake dawowa da ƙarfi, tazararsa na raguwa. Ciwon da ya riƙe bai saki ba, ciki ya yi tauri, ko da jini ko babu, wata magana ce daban, don yana iya zama mabiyiya ce ta ɓalle kafin lokaci. Ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, su ne masu shelar jijjiga. Jijjiga kuwa tana da magani a nan Kano. A 2008 aka shigar da allurar magnesium sulphate a manyan asibitocin gwamnati guda 10 na jihar, kuma rahoton da Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka fitar ya nuna mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Maganin yana nan, amma ba ya bin mace har ɗakinta. Haka yoyon fitsari: kan yaro ne ke tokare ƙugu ya danne mafitsara na tsawon sa'o'i har naman wurin ya mutu, bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɓalle. Da yawa daga cikin matan da ke jiran aiki a cibiyar Laure ta Asibitin Murtala, da na Babbar Ruga a Katsina, doguwar naƙuda ce ta kai su can. Su ma an yaba musu dauriya a lokacin, kafin wari ya sa a raba musu kwano.

Sai maganar rage raɗaɗi, wadda mutanenmu da yawa ba su ma san akwai ta ba. Ba sabon abu ba ne a duniya, tun 1853 Sarauniya Victoria ta Ingila ta shaƙi maganin rage zafi wajen haihuwar ɗanta Leopold, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abin da ya dace a ba mai naƙuda idan ta nema. Gaskiyar abin da ake samu a wajenmu kuwa hawa-hawa ce. Allurar baya, wadda ke kashe zafi daga ƙugu zuwa ƙasa mace na farke, sai da likitan sa barci, don haka sai manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma ƙarya ne a yi wa matar ƙauye alkawarinta a asibitin sha-ka-tafi. Akwai allurai irin pentazocine da pethidine da ake yi a manyan asibitocin gwamnati idan suna da su. Suna sassauta ciwon, ba sa ɗauke shi duka, kuma idan aka yi su dab da fitowar yaro suna iya sa numfashinsa ya yi nauyi. Tsoron da iyaye mata ke yi cewa allura na taɓa jariri yana da tushe ke nan, sai dai amsarsa ita ce a zo da wuri, domin wadda ta iso kan yaro na bakin fita ba ta bar wa ungozoma lokacin yi mata komai ba. Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo: a bar mace ta yi tattaki, ta canza kwanciya, ta sha ruwa, a murza mata baya, wata da ta yarda da ita ta zauna kusa. Sannan abu guda da kowace mace ya kamata ta buɗe baki ta nema ko a ƙaramin asibiti: idan an ƙara ta ko ta yage, a yi mata allurar kashe zafi kafin a fara ɗinki. Allura ce mai araha, kuma babu wata lada a ɗinke mutum da ɗanyen jiki.

Abin mamaki, gidan da ke ganin abin kunya ne mace ta nemi sauƙi a asibiti, shi ne gidan da zai kira mai kemis ya zo ya yi mata allurar naƙuda a ɗaka. Wannan allura ba ta rage zafi, ƙara shi take yi. Aikinta matse mahaifa, kuma a asibiti ma da lissafi ake ɗiga ta cikin ruwa ana sauraron bugun zuciyar yaro. Idan yaro ya kwanta a gicciye ko ƙugu ya yi masa kaɗan, aka tilasta wa mahaifa turawa, yaron zai galabaita, mahaifar kuma tana iya fashewa, jini ya tsiyaye a ciki ba tare da an gan shi a tabarma ba. Wanda ke sayar da man zafi da maganin tari ba ya zama ungozoma don yana da sirinji a jaka. Haka jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da ba wanda ya san ƙarfinsu, ana ɗura wa yarinya kofi bayan kofi alhali abin da ya tare yaron ƙashi ne.

Wasu za su ce wahalar naƙuda kankarar zunubi ce, kuma wadda ta rasu a kanta ta yi shahada. Babu mai jayayya da falalar da Allah Ya yi wa uwa. Amma addinin da ya yi wannan bushara shi ne ya yi umarni da neman magani, kuma a Suratu Maryam an ba da labarin yadda zafin naƙuda ya kai Nana Maryamu ga furta damuwarta a gindin dabino, aka kuwa amsa mata da lallashi da ci da sha, ba a ce ta yi raki ba. Shahadar mamaciya ba ta wanke wanda ya hana kuɗin mota. Wasu kuma su ce iyayenmu goma-goma suka haifa a ɗaka ba abin da ya same su. Waɗanda suka rayu ne ke ba da wannan labari. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitocin Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tarar mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awo ba, aka kawo su bayan abu ya lalace. A zamanin iyayen namu ke nan.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na wulaƙanci, kuma ba za a share shi da hannu ɗaya ba. Akwai ɗakunan haihuwa da ake yi wa mace tsawa, a ce da wa ya aike ta, wani lokaci har da duka a cinya, a kori 'yar rakiyarta waje. Macen da aka yi wa haka a haihuwar fari, da wuya ta koma a ta biyu, kuma za ta hana ƙanwarta. Ma'aikaciyar da ke ce wa mai naƙuda ta yi mata shiru, darasin da tsohuwar gida ta koyar take maimaitawa, sai dai ita da farin kaya. Gaskiya ne ungozoma ɗaya kan kwana da mata da yawa, ga rashin wuta, ga ƙarancin kayan aiki, kuma duk da shirin awo da haihuwa kyauta da Kano ta fara tun 2001, iyali kan sayi wasu abubuwan da kuɗinsu. Wannan hujja ce a kan hukuma ta ƙara ma'aikata, ga makarantar ungozoma nan a Ɗambatta tana yaye su, kuma hujja ce ga masu unguwanni da kwamitocin lafiya na mazaɓu su riƙa kai ƙara. Amma tsawa, duk ɗacinta, ana warkewa daga ita. Fashewar mahaifa a ƙauyen da ke nesa da ɗakin tiyata da wuya ta bar mai ba da labari.

Ragowar maganar ta maza ce, domin a karkararmu mace ba ta fita sai da izini, kuma kuɗin mota a aljihun miji yake. Wani bincike da Farfesa Zubairu Iliyasu na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka yi a Ungogo, aka wallafa a 2010, ya gano kusan ɗaya cikin uku ne kawai na magidanta suka taɓa raka matansu neman kulawar ciki ko haihuwa, kuma shirin da suka fi mayar da hankali a kai shi ne na suna. Rago na ɗaure a turke tun ciki na wata shida, amma ba a san direban da za a buga wa waya da tsakar dare a watan Agusta ba, lokacin da dawa ta rufe hanya, burtali ya cika da laka. Maigida, ka ba da izinin tafiya asibiti tun yanzu a gaban mahaifiyarka da surukarka, ko kana gona ko kana ci-rani, ka ware kuɗin mota daban da na suna, ka ajiye lambar direba biyu, ka san ɗan'uwan da zai ba da jini. Iya da inna, ku gaya wa 'yarku tun ranar da ta zo goyon ciki cewa da ta ji mara ta fara, ku take fara faɗa wa, kuma ku duba agogon waya a lokacin. Idan ungozoma ta tambayi yaushe ta fara, ku faɗi gaskiya.