Kafin Ka Sayi Ram, Duba Madabod

Duk mai niyyar harhaɗa kwamfuta don tace bidiyo, ya fara zaɓen madabod, wato babban allon da sauran kaya ke hawa kansa, kafin ya sayi ram. Dalili kuwa, ram iri biyu ne suka cika kasuwa, DDR4 da DDR5. Kowanne yana da fil 288, amma tsagar gindinsu ba wuri ɗaya take ba, don haka wannan ba ya shiga gurbin wancan. In aka tilasta, sai asara.

Allon AMD mai soket AM5, wanda ya fito a 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa, na AM4 kuwa DDR4. Allon Intel LGA1700 ya kasu biyu, wani na DDR4, wani na DDR5, sai ka karanta kwalinsa da kyau.

Kamfanin Adobe ya ba da shawarar gigabayit 32 ga mai aikin bidiyon 4K. Ka sayi guda biyu masu 16 a kwali ɗaya. A allo mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu ake fara cikawa. Kafin ka biya kuɗi, nemi jerin ram ɗin da kamfanin allon ya gwada. Matambayi ba ya ɓata.