Tafiya a Kan Dusar Ƙanƙara a Gandun Yalosuton

A ƙasar Amurka akwai wani babban gandun daji da a ke kira Yalosuton. Tun a shekarar 1872 gwamnati ta keɓe shi domin jama'a, ba a noma a ciki, ba a kafa gari.

Idan hunturu ya shiga, dusar ƙanƙara ta kan yi ta saukowa kamar kaɗaɗɗiyar auduga, har ta kai wa mutum ƙugu ko ta fi haka. Sa'an nan sai a rufe yawancin hanyoyin gandun, motoci su daina bi. Wanda ya taka dusar nan da takalminsa kawai, nutsewa zai yi, ya gaji tun bai yi nisa ba.

Dabarar da a ke yi ita ce ɗaura wasu katakai biyu sirara a ƙafa, waɗanda a ke kira siki. Kowanne ya kai tsawon mutum, goshinsa kuma a lanƙwashe ya ke sama don kada ya cake. Kan takalmi kaɗai a ke ɗaurewa, a bar diddige a sake. Matafiyi ya kan riƙe sanda a kowane hannu, yana tura ƙafa ɗaya bayan ɗaya, yana sulalewa. Abin da ya hana shi nutsewa shi ne nauyinsa ya bazu a kan tsawon katakon, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke hana shi nutsewa cikin rairayi.

Daga 1886 sojoji ne suka yi gadin gandun, da siki kuwa su ke sintiri da hunturu. A 1894 wani mai gadi ya bi sawu a kan dusa, ya kama wani maharbi yana feɗe ɓaunan da ya harbe. Wannan labari ya sa aka kafa doka mai tsanani ta kare namun gandun a shekarar.

Yanzu baƙi ne ke wannan tafiya don kallo. Su kan ga maɓuɓɓugai masu tafasa suna feso ruwa da tururi a tsakiyar sanyi. Wajen nan da haɗari, domin ƙasar ba ta da kauri, mai barin hanya yana iya rufzawa cikin ruwan zafi.

Su kan kuma ga ɓaunan Amurka, masu gashi buzu-buzu, suna share dusa da kawunansu don su kai ga busasshiyar ciyawa. Doka ta hana a kusance su fiye da yadi 25. Ɓauna tana iya kai wa mutum suka. Ban da wannan, da kitsen da ta tara da rani ta ke rayuwa, in kuwa aka yi ta razana ta tana gudu cikin dusa, kitsen zai ƙare tun ciyawa ba ta tsiro ba.