GAWAR DA TA ZAMA MALAMI

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ɗalibi yana iya haddace sunayen ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, ya zana zuciya a allo ba kuskure, amma bai taɓa ganin yadda jijiya ta ratsa tsoka ba. Galibi ɗaliban likitanci ne ke samun wannan dama a ɗakin fiɗar gawa. A shekarar 2004 Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya da ke birnin Los Anjelis a Amurka ta buɗe ƙofa ga kowa, ta nuna gawarwakin mutane na gaske, an ɗaye fatarsu, wasu a tsaye wasu a zaune, ba wari ba ruɓewa. Sunan nunin Body Worlds, wato duniyoyin jiki.

Mai wannan aiki shi ne Gunther von Hagens, wani Bajamushe masanin sassan jiki, wanda ya ƙirƙiro dabarar a Jami'ar Heidelberg a 1977. Ya raɗa mata suna filastineshan, ma'ana cusa roba a cikin nama.

Domin fahimtar dabarar, sai a tuna cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na jikin baligi ruwa ne, kuma a cikin ruwa ne ƙwayoyin da ke ruɓar da nama suke rayuwa. Duk wanda ya taɓa shanya nama ya san haka. Sai dai abin da ya bushe yakan yanƙwane, siffarsa ta ɓaci. Saboda haka matsalar ita ce a raba nama da ruwa ba tare da ya motse ba.

Da farko ana ɗura wa gawa sinadarin fomalin ta hanyoyin jini domin tsayar da ruɓewa, sa'annan a cire fata da kitse a hankali. Daga nan sai a tsoma ta cikin sinadarin asiton mai tsananin sanyi, wanda yake janye ruwan jiki ya zauna a gurbinsa. Mataki na uku shi ne ƙashin bayan aikin. Ana nutsar da gawar cikin narkakkiyar robar silikon a wani akwati, a zuƙe iskar da ke ciki. Idan nauyin iska ya ragu, asiton yakan tafasa ko da babu wuta, ya fice a matsayin tururi, gurbin da ya bari kuwa sai ya tsotso robar har cikin ƙananan ƙwayoyin halitta. Bayan haka a tsayar da jikin yadda ake so da wayoyi da allurai, a daskarar da robar da wani iskar gas. Jiki guda yana cin kimanin awa 1,500 na aiki, wajen shekara ɗaya ke nan.

An fara nunin a Tokiyo ta ƙasar Japan a 1995. Da aka kai shi gidan adana kayan fasaha na Mannheim a Jamus a 1997, mutane sama da 700,000 suka shiga kallo, har ta kai ga ana barin ƙofa a buɗe dare da rana. Abin da ya fi tsayar da masu kallo shi ne huhu biyu da akan jera: na mai shan taba ya yi baƙi ƙirin, ɗayan kuwa fes. Haka ma hantar da barasa ta cinye kusa da lafiyayya. Akwai kuma wani da aka zaunar yana wasan dara irin na Turawa, an buɗe bayansa domin a ga yadda laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi suka yi rassa zuwa yatsu.

To, amma gawar wane ne? Kafin cibiyar ta Kalifoniya ta yarda da nunin, sai da ta kafa kwamitin malaman addini da likitoci da masana ɗa'ar aikin likita, aka kuma tura masani Jamus ya gwada takardun amincewar mamatan da takardun shaidar mutuwarsu. Wannan taka-tsantsan yana da dalili. A farkon shekarar ta 2004 von Hagens ya mayar da gawarwaki bakwai da aka kai ma'aikatarsa ta ƙasar Sin, bayan ya amsa cewa ba zai iya tabbatar da cewa ba na fursunonin da aka kashe ba ne. A 2008 babban lauyan jihar Niyok ya tilasta wa wani kamfani daban mai irin wannan nuni ya sanar da masu kallo cewa ba shi da tabbacin asalin gawarwakin da ya samo daga Sin. A Faransa kuwa kotu ta rufe wani nunin a birnin Faris a 2009, kotun ƙoli ta ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2010, bisa hujjar cewa baje gawa domin neman kuɗi ya saɓa wa mutuncin da doka ta ba mamaci.

Malaman addini da dama, Musulmi da Kirista da Yahudawa, suna ganin hakkin mamaci ne a suturta shi a binne, ko da shi ya ba da izini. Masu goyon baya kuma suna cewa wanda ya ga cikin jikinsa zai fi kula da lafiyarsa. Amma akwai inda ɓangarorin biyu suka haɗu: ba a mayar da mutum abin kallo ba da yardarsa ba.

A yau makarantun likitanci da yawa a duniya suna koyarwa da sassan jiki da aka adana ta wannan hanya, domin suna daɗewa shekaru, ana kuma iya riƙe su a hannu ba tare da shaƙar warin fomalin ba. Ɗalibin da Allah Ya nufa da karatun likita zai tsaya wata rana gaban irin wannan malami marar magana. Ya kamata ya tuna cewa mai suna ne, mai dangi, kuma hakkinsa ne a girmama shi kamar kowane malami.